Ba Duk Mai Cewa A'a Ne Mai Gardama Ba: Martani Daga Isa

Wani malami marubuci, wanda na daɗe ina karanta shi ina ƙaruwa, ya yi rubutu kwanan baya a kan halin da gabashin Sakkwato ke ciki, ya kuma rataye rubutun gaba ɗaya a wuyan kalma guda: gardama. A wajensa mutanen Isa da Sabon Birni masu gardama ne tun kaka da kakanni. Mai gardama kuwa, a fassararsa, shi ne wanda na gaba da shi zai faɗa masa magana ya ƙi karɓa. Wannan hali ne, a lissafinsa, ya ci Alkalawa, fadar Gobir, a da, shi ne kuma ya sa a yau da zarar hukuma ta buɗe baki sai mutanenmu su fito gidajen rediyo su ƙaryata ta. Maganin da ya rubuta mana shi ne mu rage baki, mu bi na gaba, mu duƙufa ga addu'a. Addu'a kam ba a bar mu a baya ba, duk wanda ya yi sallah a masallatan Isa cikin shekarun nan ya ji alƙunutu. Sauran maganar ce ban yarda da ita ba, kuma saɓanina da Malam ya faro ne tun daga ma'anar da ya ba kalmar.

Mu saurari yadda Bahaushe ke amfani da ita in ba fushi yake yi ba. Direban da ya ɗauko kaya daga kasuwar Alhamis ta Shinkafi ya iso Isa da dare zai ce mota ce ta yi masa gardama: akwai mai a tanki, batir na da wuta, an murza makulli, ta ƙi tashi. Ungozoma za ta ce haihuwa ta zo da gardama, wato wata ya cika, naƙuda ta kama, abin da ya kamata ya zo ya ƙi zuwa. In kuma magana ta fito fili har ba ta da wurin ɓuya, sai mu ce wannan babu gardama. A duka ukun abu ɗaya ne: sharuɗɗa sun cika, dalilin ƙi ya ƙare, amma an ƙi. Haka take a kan ɗan Adam. Mai gardama shi ne wanda aka ajiye wa hujja a gabansa, ya gan ta, ya gane ta, ya ce shi dai yana nan a kan bakansa. Ba da shekaru ake auna shi ba, ba kuma da rawani ba. Uba kan yi wa ɗansa gardama, hakimi kan yi wa dagacinsa, likita kan yi wa majinyacin da ke nuna masa inda ke yi masa ciwo.

Hausa ba ta yi talaucin kalmomi a wannan fage ba, balle a ce dole ta sa aka cusa kome cikin buhu ɗaya. Yaron da ya ɗaga wa dattijo murya ya yi rashin kunya, ko tsaurin ido, ko fitsara. Wanda aka ce ya yi abu ya ce bai yi ba, musu ya yi, kuma musu na iya zama gaskiya, shi ya sa alƙali ke neman shaidu. Biyun da ke jan magana kowa na ja wajensa jayayya suke yi. In da ilimi da ladabi a ciki ta zama muhawara, in babu ta koma ka-ce-na-ce ko cacar baki. Wanda ba ya jin shawara ko da a kan abin da zai cutar da shi, taurin kai ke damunsa. Kowace da mazauninta.

Na san inda Malam ya samo tasa ma'anar, kuma ba ƙirƙirar ta ya yi ba. A cikin gida, uwa kan aiki yaro ya tsaya kawo dalilai, ta ce da shi ya cika gardama. Amma wannan magana tana tsaye ne a kan abubuwa biyu: uwar ta fi yaron sanin abin da ake ciki, kuma ita ke ɗauke da nauyinsa, ci da sha da tsaro. Idan aka ɗauko kalmar daga tsakar gida aka ɗora wa magidanta da malamai da manoman ƙananan hukumomi biyu, to an mai da su yara ke nan, an kuma yanke hukunci tun kafin a saurare su cewa wanda ke Sakkwato ya fi su sanin abin da ke faruwa a gonakinsu. Mahayin da ya san doki, in dokinsa ya turje a bakin Bunsuru da damina, ba da bulala yake farawa ba, ruwan yake dubawa tukuna.

Da yake Malam ya kira tarihi shaida, bari mu tsaya a kansa da kyau, domin tarihin Gobir bai faɗi abin da aka sa a bakinsa ba.

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Sallar layya, ya yi masu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a lokacin malami ne mai wa'azi da bai kai shekara arba'in ba, ya ƙi karɓar dukiyar a gaban taro. Maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. A duba wannan da ma'aunin Malam. Ga sarkin da ake jin tsoronsa a ƙasar Hausa duka, ga malamin ƙauye daga Degel, na gaba ya miƙa hannu, na baya ya ce a'a, har ya ƙara da sharuɗɗa. In dai mai gardama shi ne wanda ya ƙi karɓar maganar na gaba da shi, to wa ya yi gardama a Magami? Allah ya tsare harsunanmu daga amsar da ma'aunin nan zai tilasta mana. Babu wanda zai kira abin da Shehu ya yi gardama, Malam ma ba zai kira ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ma'aunin ne karkatacce.

Abin da ake yawan tsallakewa a labarin shi ne Bawa ya amince da buƙatun. Bagobiri ne, sarki ne, mayaƙi ne, an ce masa a'a a bainar jama'a, ya saurara. Waɗanda suka biyo baya ne suka toshe kunne. Nafata ya kafa dokar hana wa'azi ga kowa ban da Shehu, ya hana ɗa barin addinin ubansa, ya hana rawani da lulluɓi. Yunfa ya zo ya kai abin ga takobi, aka far wa Gimbana, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara, Alkalawa ta faɗi a 1808. Kufanta na nan cikin ƙasar Sabon Birni, kowa na iya zuwa ya gani. Idan akwai gardamar da ta ci Alkalawa, to a fada aka yi ta, ba a ƙauye ba. Masu mulki ne suka ga alamu suka ƙi gani, aka gaya masu kukan talakawa a kan haraji da ƙwace suka ƙi ji. Ɗora wa jikokin talakawan laifin fadar da ta ƙi sauraron kakanninsu juya tarihi ne a kan kansa.

Su kansu shugabannin jihadi ba su ɗauki saɓani a matsayin cuta ba. Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya rubuto yana tuhumar hujjar yaƙin da ake yi da ƙasarsa, da kakkausan lafazi. Muhammadu Bello bai ce wannan mai gardama ne a ƙyale shi ba. Ya amsa masa hujja da hujja, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu cikin Infaƙul Maisuri, shi ya sa har yau muke iya karanta abin da abokin jayayyarsa ya ce. Malam Abdullahi na Gwandu ya ga abin da bai gamsu da shi ba a cikin jama'arsa, ya faɗa, har ya kama hanyar gabas ya tsaya a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Gidan da Malam ke cewa mu koyi biyayya daga gare shi, gidan masu faɗin abin da suka gani ne.

Gaskiya ne ana yi wa ƙasarmu kirari da gidan faɗa, gaskiya ne kuma Gobirawa ba su miƙa wuya da wuri ba. Bayan Alkalawa an yi yaƙin Gawakuke a 1836, waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Wannan tarihin sarauta ne da yaƙi, irin wanda Katsinawan Maraɗi da Kabawan Argungu su ma suke da shi. Bai zama shaidar cewa akwai wani abu a jinin manomin Gatawa da ke hana shi gane gaskiya ba. Ballantana Isa ba ta Gobirawa kaɗai ba ce. Akwai Fulani, da Zamfarawa, da Adarawa, da Buzaye, an yi auratayya an cakuɗe. Jinin wa ke ɗauke da gardamar? Idan Bayarabe ya tare Bagobiri a tasha ya ce masa ku dai ba a raba ku da gardama, dariya za a yi, domin abokin wasa ne, kuma za a rama masa nan take. Maganar da ke da daɗi a bakin abokin wasa, in ta hau shafin jarida da sunan nazari, hukunci ta zama, kuma wanda aka yanke wa ba ya nan balle ya rama.

Yanzu mu zo ga zamaninmu, inda abin ya fi yi mini zafi. Me mutanen nan suka faɗa da aka kira gardama?

Sun ce ana kashe su. A ƙarshen watan Mayun 2020 aka kashe sama da mutum 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. Sun ce ƙauyuka na watsewa, kuma dubban mutanenmu na can cikin jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi masu rajista. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Mutane suka ce matakin ya hana su kiran agaji alhali ɓarayin na kama layin Nijar a bakin iyaka. A watan Nuwamban shekarar jaridu suka ɗauko labarin cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu masu gari a waɗansu ƙauyuka irin su Gangara, hukumomi suka musa. Wata bai cika zagayowa ba aka tare motar fasinja a Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, hukuma da kanta ta tabbatar da rasuwar mutum 23. Sun ce ana ɗora wa garuruwa haraji kafin a bar su su yi shuka, a sake ɗora wani kafin girbi. Yau babu mai musun wannan, amma waɗanda suka fara faɗa sun sha sunaye.

To a nan wa aka ajiye wa hujja ya kau da kai? Dattijon da ya tashi a gaban manya ya ce, "Ranka shi daɗe, ba haka na ba, mu munka biya kuɗɗin da hannunmu," ba gardama yake yi ba. Shaida yake bayarwa, a kan abin da ya gani da idonsa ya kuma ƙirga da yatsunsa. Wanda ya ji wannan ya ce ba a yi ba, alhali bai taka ƙafarsa garin ba, shi ne kalmar ta fi dacewa da shi, kome girman kujerarsa.

Malam ya ce a bi na gaba a zauna lafiya. Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, shi ne na gaba a ƙasarsa, dattijo mai rawani, wanda ke cikin tsarin hukuma ba wajensa ba. A ƙarshen watan Yulin 2024 aka sace shi da ɗansa a hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Duniya ta ga hotonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. Ya yi makonni a hannunsu, a watan Agusta aka kashe shi, ko gawarsa ba a samu ba sai sallar ga'ibi aka yi masa. Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa. Matasan Sabon Birni suka fito zanga-zanga, aka yi ƙone-ƙone, aka sa dokar hana fita. Ban goyi bayan ƙona kome ba. Amma wanda ya dubi wannan lamari ya ce matsalar yankin ita ce yawan baki, bai yi wa mamacin adalci ba, bai yi wa masu rai ba.

Ta fuskar addini, Malam ya tunatar da mu hadisin da ke kwaɗaitar da barin jayayya ko da mutum na da gaskiya, da kuma faɗar Alƙur'ani cewa ɗan Adam ya fi kome yawan jidali. Na karɓa hannu bibbiyu. Sai dai malamai sun bayyana cewa abin da aka zarga shi ne jayayyar neman rinjaye, wadda ake yi don a kunyata abokin magana ko a nuna an fi shi, irin wadda ke cinye dare a majalisar shayi ba a tashi da kome ba. Ba a hana wanda aka zalunta kai kukansa ba. A cikin Alƙur'anin nan akwai sura sukutum mai suna Mujadala, wato mai jayayya, wadda almajirai suka fi sani da Ƙad Sami'a. Mace ce, Khaulatu 'yar Sa'alaba, mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta maimaita kukanta ba ta gamsu ta tafi ba, har wahayi ya sauka da mafita gare ta da duk matan da za su zo bayanta. Babu na gaba da ya wuce wanda ta tsaya a gabansa. Ba a kira ta marar kunya ba, ba a ce ta rage baki ba. Matar da ta taso daga wani ƙauyen Isa da goyo a baya tana kwana a barandar makaranta, in ta ce ba a kawo masu ɗauki ba, a sahun Khaulatu take.

Akwai wurin da Malam ya taɓo gaskiya, ba kuma zan ɓoye ba: maganar 'yan sa-kai. An hana, waɗansu ba su bari ba, kuma an yi ɓarna da sunan kare kai. An kashe Fulanin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, a kasuwanni da kan hanyoyi, kamar abin da ya faru a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa a watan Oktoban 2021, wanda harin kasuwar Goronyo ya biyo bayansa aka rasa mutane da dama. Amma a nan ma kalmar ba ta yi masa aiki ba. Wanda ya kama mutum don kamanninsa ya yanka, ba gardama ya yi ba, kisan kai ya yi, kuma gaban alƙali ya kamata ya tsaya. Kiran wannan gardama sassauta masa laifi ne. Kalmar ta yi wa mai kisa sauƙi, ta yi wa mai ba da shaida nauyi, ta kuma haɗa su a layi ɗaya alhali ɗaya zalunci ya yi, ɗayan zaluntarsa aka yi.

Ko gardama ta gaskiya ma, wadda ta cika sunanta, ba da lakabi ake warkar da ita ba. Mun ga yadda aka yi da rigakafin shan-inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano da waɗansu jihohin Arewa saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Masu ƙin ba su da gaskiya, amma tsoronsu na da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Pfizer a kan yaran Kano a 1996 ba. Shekarun da aka yi ana kiransu jahilai masu taurin kai ba su buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Abin da ya buɗe ta shi ne an gwada maganin an nuna sakamako, an shigo da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, aka zauna da malamai aka amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Idan wanda ba shi da gaskiya ma sai da aka saurare shi kafin a shawo kansa, ina ga wanda ke faɗin abin da ya auku a ƙofar gidansa?

Abin da nake tsoro daga rubutu irin na Malam ba zafin kalmar ba ne, mun ji waɗanda suka fi ta. Tsorona shi ne abin da take haifarwa a ɗakin taro. Jami'in da ya karanta cewa mutanen yankin nan masu gardama ne tun asali ya samu izinin rufe kunnensa kafin ya iso. Dagaci zai kawo rahoto a ce halinsu ne ƙari. Ɗan majalisa zai yi magana a rediyo a ce siyasa ce. Shi kuma mai gari, da ya ga faɗin gaskiya na jawo masa baƙin jini a sama, yana kuma jawo masa barazana daga daji, sai ya zaɓi shiru. Sojan da aka turo daga wata jiha bai san wace hanya babura ke bi su tsallaka gulbi ba, bai san wane gari aka yanka wa miliyoyi a makon nan ba, bai san wa ke kai mai da burodi daji ba. Mutanen gari suka sani, su ne kuma ake cewa su rage baki. Ina roƙon Malam, da girman da nake ba shi, ya janye kalmar nan daga kan mutanen Isa da Sabon Birni, in kuma yana ganin akwai wata magana takamaimai da suka faɗa wadda ba haka take ba, ya ambace ta, ya kawo garin da ranar, mu kuma mu kawo namu shaidun.